Agogon da Ke Sa Mutum Tunani

Ɗalibai, malamai da iyayenmu, akwai wata manhaja ta agogo da ake sa wa a kwamfuta ko wayar hannu, wadda nake ganin ya kamata kowane ɗalibinmu ya koyi karanta ta. Agogon ba shi da hannu, ba shi da lamba. Ƙananan fitilu ne kawai a jere, wasu a kunne, wasu a kashe.

Karanta shi ba wuya. A kowane layi, fitilar ƙasa darajarta 1 ce, ta samanta 2, sai 4, sai 8. Waɗanda ke kunne kaɗai ake haɗawa. Idan ta 4 da ta 2 da ta 1 suna kunne, 7 ke nan. Layi biyu na farko na awa ne, biyu na gaba na minti. Da ƙarfe 10:37, za a ga fitila ɗaya a layin farko, babu ko ɗaya a na biyu, biyu a na uku, uku a na huɗu.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, tun da agogon bango na nan. Gaskiya ne, mai saurin kama motar Birnin Kebbi ba zai tsaya haɗa fitilu ba. Amma amfanin agogon na horar da ƙwaƙwalwa ne. Wannan ƙirga ta kunne da kashe, wato lissafin tushe biyu, wanda Bajamushe Leibniz ya yi bayaninsa a 1703, da ita kowace kwamfuta ke aiki. Tana cikin darasin lissafi tun ƙaramar sakandare, amma da yawa haddacewa kawai suke yi, su manta bayan jarrabawa. Tun 2015 kuma da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ashe bai kamata ɗan Malisa ya riƙa kallon na'urar kamar abin tsoro ba.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Kafin naira ta zo a 1973, kakanninmu a kasuwar Gwandu suna lissafin kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, a ka, ba takarda, kuma ba mai cutarsu. Mu ma kullum muna ƙirga minti 60 a awa ɗaya ba tare da ƙorafi ba. Goma ba ita kaɗai ce hanyar ƙirga ba.

Shawarata ita ce malaman lissafi su gwada shi a aji. Ko babu lantarki, a zana layuka a ƙasa, a sa tsakuwa a madadin fitila, ɗaya ya jera, sauran su faɗi lokaci. Ku kuma ɗalibai, kada ku ji kunyar jinkiri a ranar farko. Da koyo akan iya.