Ungozomar Dalijan Daga Dalijan Za Ta Fito

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk magidancin da ya taɓa kwana a zaure matarsa ko 'yarsa tana kan gwiwa a cikin gida ya san tsawon irin wannan dare. A Dalijan da Kambaza da Malisa da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, haka kuma a ƙauyukan Kalgo, idan naƙuda ta zo da gardama, tambayoyi biyu aka saba yi: wa zai duba ta, kuma da me za a kai ta Birnin Kebbi? A 'yan shekarun nan an sami ƙarin ta uku, wadda ta fi su nauyi: hanyar tana biyuwa da dare? Wannan tambaya ta uku ce ta sa muka ga ya wajaba mu yi magana a kan yadda ake koyar da ungozomomi da ma'aikatan jinya a Jihar Kebbi, da kuma rabon da gidajenmu suke da shi a cikin lamarin.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya saboda ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya gaba ɗaya. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 kuma ya gano cewa haihuwar da ƙwararren ma'aikacin lafiya yake karɓa a Kebbi ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali a ƙasa baki ɗaya ta kai kashi 43. Waɗannan alƙaluma ba baƙi ba ne a wurinmu. Mun san su da sunayensu, domin mu muka sallace su, mu muka raini marayun da suka bari.

Abubuwan da suke kashe mai haihuwa sanannu ne, kuma yawancinsu suna da magani. Akwai zubar jini bayan haihuwa, wanda kan iya ɗauke mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu. Akwai jijjiga, wadda hawan jinin mai ciki yake haifarwa, kuma awon ciki kan gano ta tun kafin ta kayar da mace. Akwai doguwar naƙuda, wadda in ba ta kashe ba sai ta bar yarinya da yoyon fitsari, cutar da ta sa aka buɗe cibiya ta musamman a Gesse cikin Birnin Kebbi. A 2023 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa. Ya nuna cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da take tara jinin da ya zuba, aka gane haɗari da wuri, aka haɗa mata magunguna lokaci guda, munanan sakamakon zubar jini suna raguwa da kashi 60 cikin 100. Ledar ba ta da tsada, magungunan ma haka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya san aikin, wanda kuma yake kusa a cikin waɗannan sa'o'i biyu.

A nan ne rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi. Ba mu manta da ranar 17 ga Yuni 2021 ba, da aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo ba sai 2023. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. A ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka sace ɗalibai 25. Ko garin da 'yan bindiga ba su taɓa takawa ba, labarinsu ya taka shi. Direba yana tsoron fita bayan isha'i. Uba yana tsoron kai 'yarsa makarantar kwana. Ma'aikaciyar da aka turo daga nesa tana neman a mayar da ita birni, kuma ba za mu zarge ta ba. Duk ma'aikaciyar lafiya a Arewa ta san labarin Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomin ƙungiyar agaji ta Red Cross da aka sace a Rann ta Jihar Borno a Maris 2018, aka kashe su a cikin wannan shekara. Allah Ya jiƙan su, Ya karɓi shahadarsu.

An taɓa gwada turo mana ungozomomi daga waje. A ƙarshen 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin MSS, ta rarraba ungozomomi fiye da 2,000 zuwa asibitocin karkara, a kan cewa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai biya nasa kaso na alawus, a kuma ba su masauki. Niyyar tana da kyau, amma a wurare da yawa jihohi da ƙananan hukumomi ba su cika alkawari ba, masauki bai samu ba, wasu ba sa jin harshen matan da suka zo dubawa, iyalansu kuma suna can wata uwa duniya. Da yawa suka tattara suka koma. Wannan fa tun kafin ta'addanci ya kai inda ya kai yau. A ɗaya gefen kuma ƙasashen waje suna ɗibar waɗanda muka horar: a farkon 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku.

Wa zai zauna, ke nan, idan hanya ta rufe? Wadda mahaifiyarta take garin, mijinta yake noma a fadamar garin, 'ya'yanta suke allo a tsangayar garin. Ita ba ta jiran takardar canjin wurin aiki, domin inda take nan ne gida. Ra'ayinmu shi ne duk wata manufa ta ilimin jinya da ungozoma a jihar da take fama da rashin tsaro, a auna ta da wannan ma'auni guda: yara mata nawa ta ɗauko daga mazaɓun karkara, ta koyar da su, ta mayar da su garuruwansu da albashi?

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Musulunci. Rufaida al-Aslamiyya, Allah Ya yarda da ita, tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can Manzon Allah (SAW) ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Salma, matar Abu Rafi'i, ita ce ta karɓi haihuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da in wasu suka ɗauka ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ibn Khaldun ya keɓe wa sana'ar ungozoma babi guda a Muƙaddima, ya sanya ta cikin sana'o'i masu daraja. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane duka, ungozoma kuwa rai biyu take riƙewa a lokaci ɗaya. Gaskiya ne hadisi ya yi wa macen da ta rasu wajen haihuwa bushara da shahada. Wannan daraja ce gare ta, amma ba ta wanke waɗanda suka iya ceton ta suka yi sakaci ba, kamar yadda shahadar wanda gini ya faɗa wa ba ta wanke maginin da ya yi ha'inci.

Mu mutanen ƙasar Gwandu kuma muna da hujja ta kusa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake Gwandu, ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da yake gyara addinin mutum da jikinsa, bai raba su ba. Shehu Usmanu a Nurul Albab ya zargi malaman da suke koyar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: a zaɓo mace amintacciya daga ƙauye, a naɗa ta jaji, ta zo ta ɗauki karatu, ta koma ta koyar da matan garinsu. Tsarin da muke nema yau a fannin lafiya shi ne wannan.

Sai dai tsakanin yarinyar Dalijan da Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Birnin Kebbi akwai katanga. Ana neman kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, a makarantun karkara kuwa sau da yawa babu malamin kimiyya balle ɗakin gwaji. Idan aka buɗe gurbi ga kowa, 'ya'yan birni ne suke cikewa, su kuma ba za su zauna ƙauye ba. An sami maganin wannan a maƙwabtanmu. Daga 2012 zuwa 2020 shirin W4H, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, ya yi aiki a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya har Borno. Jama'ar gari su zaɓi yarinya, miji ko uba ya amince, a ba ta shekarar share fage ta gyara kiredit ɗinta, a tanadi masaukin matan aure da wurin renon jarirai, ita kuma ta yi alkawarin komawa garinsu. Kebbi ba ta cikin jihohin shirin, amma babu abin da ya hana ta ɗaukar darasinsa. Afganistan ma, ƙasar Musulmi da yaƙi ya ɗaiɗaita, tana da ungozomomi 467 kacal a 2002. Da irin wannan tsari na zaɓo 'yar gari ta kai su dubbai cikin shekaru goma sha. A Disamban 2024 hukumomin Taliban suka rufe wa mata makarantun jinya da ungozoma, a ƙasar da a wasu yankunanta ba a yarda namiji ya duba mace ba. Wanda ya hana mace koyo, ya kuma hana namiji dubawa, ya bar mai naƙuda da wa?

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da Majalisar Dokokinta su mayar da wannan tsari doka mai kasafi, kada ya zama shirin da zai mutu ranar da mai tallafi ya tafi. A keɓe wa kowace mazaɓa cikin mazaɓu 225 na jihar gurbinta a karatun ungozomar al'umma na shekaru biyu, wanda hukumar jinya ta ƙasa ta amince da shi, tare da hanyar ƙaro karatu ga mai himma. A kafa ajin share fage. A horar da malamai mata a biya su da kyau, domin yawan ɗaliban da hukuma take yarda makaranta ta ɗauka ya rataya ne a kan malamai da kayan aiki da masauki. A katange ɗakunan kwana a tsare su, domin bayan Maga babu uban da za a gamsar da baki kawai. A yi amfani da asibitin Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya da babban asibitin Kalgo wajen koyon aiki a aikace, kuma a saka darussan da zamanin ya tilasta: tsayar da jini, jinyar mai raunin harbi, kula da 'yan gudun hijira, da abin da za a yi idan kai mara lafiya birni ya gagara. Sannan takardar ɗaukar aiki ta biyo takardar kammalawa. Horar da yarinya a bar ta zaune a gida asarar dukiyar jama'a ce.

Mun san damuwar iyaye da mazaje, kuma ba ma raina ta: cakuɗuwa da maza, aikin dare, jinkirin aure, tsoron hanya. Amma mu dubi inda muka tsaya. Muna ƙin namiji ya karɓi haihuwar matanmu, muna da hujja, sannan muna hana 'ya'yanmu mata koyon karɓar haihuwa. Ba a cin biyu a wannan kasuwa. Magidancin da yake son mace ta duba iyalinsa, to wani magidanci ne ya saki 'yarsa ta yi karatu. Sharuɗɗan sutura da masauki na mata zalla abubuwa ne da za mu nema a kuma ba mu, aure kuma ba ya hana karatu idan an tsara. Tsofaffin ungozomominmu na gargajiya, waɗanda suka yanke cibiyar yawancinmu, su ma suna da matsayi: su ne mata suka amince da su, su za su rako mai ciki awo, su gane lokacin da aiki ya fi ƙarfinsu.

Sauran aikin namu ne. Limaman Juma'a su yi huɗuba a kan wannan farilla. Hakimai da dagatai su zauna da iyaye a fitar da sunaye. Masu hali su san cewa ɗaukar nauyin karatun yarinya guda, ko gina wa ungozoma ɗaki kusa da asibitin gari a matsayin waƙafi, sadaka ce mai gudana. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai mata da kuke ajin ƙarshe na sakandare a Gwandu da Kalgo, ku riƙe darussan kimiyya kamar yadda kuka riƙe hadda, ku gyara niyya, domin matan garinku suna jiran ku.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, Ya dawo mana da zaman lafiya a Kebbi da Nijeriya baki ɗaya. Amin.