Ƙaramar Kwamfuta Ta Ishi Falo

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata gardama da ta tashi a gidanmu cikin hutun da ya wuce, wadda har yanzu ba ta gama kwantawa ba. Mahaifinmu ya ce ya gaji da ganinmu mu shida mun haɗa kawuna a kan wayar hannu guda muna kallo, kowa na ture ɗan'uwansa, alhali ga talabijin can a falo yana zaune, don ba irin wanda ke shiga intanet da kansa ba ne. Saboda haka ya yanke shawara zai sayi kwamfuta a haɗa ta da talabijin ɗin, domin a riƙa kallon fina-finai da tafsiri da ƙwallo tare. Kuɗin da ya ware ba su da yawa, kuma ya daɗe yana tara su. Ya gaya mana a fili cewa in aka yi asararsu, to, ba wasu.

Yayana ya ce lalle a sayo babba, mai dogon akwati da fitilu masu walƙiya a ciki, irin wadda ya gani wurin abokinsa. Ni kuwa na ce ƙarama za a saya, irin wadda ba ta fi ƙamus girma ba. Aka yi mini dariya, aka ce yaro ya zaɓi abin wasan yara. A ganina, ga wanda kallo da saurare ne bukatarsa, kuma aljihunsa bai cika nauyi ba, ƙaramar ta fi, muddin ya san yadda zai zaɓe ta.

Irin waɗannan kwamfutoci ba baƙi ba ne. Tun 2005 kamfanin Apple ya fito da Mac mini. Kamfanin Intel ma ya yi shekaru yana ƙera nasa mai suna NUC, kafin ya miƙa aikin ga kamfanin ASUS a 2023. Amma waɗanda suka fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi su ne na ofis, watau ThinkCentre Tiny na Lenovo, da OptiPlex Micro na Dell, da EliteDesk Mini na HP. Manyan ma'aikatu na Turai da Amurka kan saye su da yawa, su yi aiki da su 'yan shekaru, sa'an nan su sauya. Shi ya sa suke zuwa mana a matsayin na hannu, da sauƙin kuɗi, kuma yawancinsu da sauran ƙarfinsu.

Hujjata ta farko ita ce wutar lantarki, kuma da ita na fara jawo hankalin Baba. A gidanmu, kamar gidaje da yawa, in an ɗauke wuta batir da inbata muke komawa. Na ɗauko takarda na yi lissafin da aka koya mana a aji, cewa in ka ninka bolt da amfiya za ka sami wat. Batir ɗinmu mai bolt 12 ne da amfiya-awa 100, watau wat-awa 1,200 ke nan. Amma irin wannan batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ana so ya yi ƙarko, saboda haka 600 ke hannunmu. Talabijin ɗinmu yana jan wat 50. Ƙaramar kwamfuta, lokacin da take nuna fim, ba ta cika wuce wat 15 ba. In ka haɗa su, 65 ke nan, batir zai kai mu wajen awa 9 a takarda. To, ɗauki babbar da Yaya ke so, ka ce tana jan wat 100, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai katin hoto na musamman. An koma 150, batir ya ƙare cikin awa 4, kuma ba a kunna fanka ko ƙwai ɗaya na fitila ba tukuna. Baba ya karɓi takardar ya duba sau biyu, bai ce kome ba, ya ninke ta ya sa aljihu.

Sa'an nan ga ƙara. Babbar kwamfuta tana da fanka uku ko huɗu, in sun tashi sai ka ce injin niƙa ne a nesa. Ƙaramar kuwa fanka ɗaya gare ta, da ƙyar ake jin ta. Amma fa ban ɓoye muku ba, ƙurar hunturu ba ta raga wa kowacce, kuma ƙaramar ta fi saurin toshewa, don hanyar iskarta ƙunci gare ta. Sai a riƙa buɗe ta ana hurewa, kada kuma a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki, kamar yadda iyayenmu mata ke son yi wa kowane abu mai daraja a ɗaki.

Yanzu bari in zo kan inda ake cutar mutane, don nan ne muka kusa faɗawa. Ranar da muka je kasuwa, wani mai shago ya ɗauko mana wata kwamfuta ya ce, “Alhaji, wannan Core i7 ce, babu ta biyunta.” Yayana har ya fara murmushi, don kowa ya san bakwai ta fi biyar. Na roƙa a kunna ta mu ga cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwarta. Sai ga i7-3770. To, jama'a, lambar da ke biye da ɗan layin nan ita ce ke faɗin zubin da aka yi ta, kamar yadda haƙori ke faɗin shekarun rago. Wannan zubi na 3 ce, ta 2012, ta girmi ƙanena da ke aji ɗaya. Wadda aka rubuta mata i5-8500T kuwa zubi na 8 ce, harafin T ɗin nan kuma yana nuna an yi ta ne don ta ci wuta kaɗan. Ga aikin kallo, wannan mai biyar ɗin ta fi waccan mai bakwai nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa shi ne, fim ba ya zuwa a shimfiɗe. A dunƙule yake zuwa, an matse shi don kada ya cinye data, sai kwamfuta ta riƙa warware shi hoto bayan hoto, sau 24 ko 30 ko ma 60 cikin daƙiƙa guda. Hanyoyin matsewar suna da sunaye: akwai tsohuwa H.264, akwai HEVC, akwai VP9 da AV1 waɗanda YouTube ke aiki da su. A cikin sababbin ƙwaƙwalen akwai wani ɗan sashe da aka ƙera don wannan warwara kaɗai, yana yin ta ba tare da gumi ba. Ƙwaƙwalen Intel daga zubi na 7 zuwa sama suna warware HEVC da VP9 da wannan sashe. Ta 2012 ba ta san su ba, sai ta yi aikin da ƙarfin tuwo, ta yi zafi, fankarta ta yi ta kuka, in fim ɗin mai nauyi ne hoto ya riƙa tsalle. Akwai kuma wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, N100, da Intel ya fitar a farkon 2023. Ba ta da wani ƙarfi na a zo a gani, amma har AV1 tana warwarewa, kuma sababbin ƙananan kwamfutoci masu araha da yawa ita ce a cikinsu. Wanda ya fi son sabon abu a kwali, ya nemi mai ita.

Har wa yau akwai maganar Windows. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba ba ta kyauta. Windows 11 kuwa, bisa ƙa'idar kamfanin, daga zubi na 8 take farawa. Saboda haka in ka ga an karya farashin ta zubi na 6 ƙwarai, ka san dalili. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai ɗan sani yana iya sa mata Linux da manhajar Kodi ta yi masa kallo lafiya lau, amma ban ba gidan da ba mai kula da ita wannan shawara ba.

Sauran abubuwan ba su da wuya. RAM kada ya gaza gigabait 8. Ma'ajiyar ta kasance SSD, ko da mai 256 ce, don tsohon faifai mai juyawa yana sa mutum ya sha shayi ya gama kafin kwamfuta ta farka. Amma a juya bayanta a duba kafofin da kyau. Wasu na ofis ɗin nan ba su da kafar HDMI da talabijin ke bukata, DisplayPort kawai gare su, sai an ƙara sayen 'yar mahaɗa. Wasu kuma ba a sa musu Wi-Fi ba, don a ofis da waya ake haɗa su. A tabbata kuma an ba da cajarta ta asali, don irin ta laftof take amfani da ita, jabu kuwa na iya ƙona ta.

Kawuna, da ya ji labarin, ya ce duk mun wahalar da kanmu, me ya hana a sayi ɗan akwatin Android, wanda bai kai rabin kuɗin ba? Gaskiya yana da hujja. In kallo kaɗai ake so, akwati na kamfani sananne ya isa, kuma ya fi sauƙin sarrafawa da rimot. Sai dai marasa suna da ke cika kasuwa abin tsoro ne, don a watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu irinsu suna zuwa da muguwar manhaja a ciki tun daga kwali. Ban da haka, akwati ba ya koya wa kowa buga rubutu. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, ni kuwa baɗi zan zauna, ga ƙannena uku a baya. Na'urar da za ta nuna fim da dare, da safe kuma yaro ya saba hannunsa da madannai da linzami, ta biya kuɗinta sau biyu.

Inda Yaya ya fi ni gaskiya shi ne wasannin kwamfuta. Manyan wasanni na zamani ba za su gudu a kan ƙaramar ba, kuma babu wurin da za a ƙara mata babban katin hoto nan gaba. Na yarda da wannan. Amma Baba bai tara kuɗinsa don wasa ba.

Daga ƙarshe ta hannu muka saya, mai zubi na 8. Ba mu yi cinikin biri a sama ba: na tafi da fim mai nauyi a filashi, muka sa mai shagon ya haɗa ta da talabijin ta yi minti 20 tana nunawa, muka ji sauti, muka taɓa jikinta, muka gwada kowace kafa, kana Baba ya ƙirga kuɗi. Yanzu tana nan maƙale a bayan talabijin, baƙo ba ya ko ganinta. Inna ta ce ita dai a samo mata rimot, don ba za ta riƙa bin linzami a kan tabarma ba. Yaya kuwa ya buɗe asusu, ya ce zai tara ya sayi tasa mai fitilu, Baba ya ce ya haɗa da kuɗin batir ɗinsa.