Abin da Ke Fasa Algaita a Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke Chadi ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo. A irin waɗannan ranaku danshin iska a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali masu ƙera kayan busa na itace sun fi son ya tsaya tsakanin 40 da 60. Leɓe ya tsage, faso ya kama diddige. Algaita ma tana shan nata rabon, sai dai ita ba a cika lura ba, domin an rufe gangar jikinta da fata.

Yawanci sanyi ake ɗora wa laifi, kuma wannan fahimta ce ke jawo ɓarna. Wanda ya ɗauka sanyi ne matsalar zai kai algaitarsa kusa da kaskon garwashi inda ake jin ɗumi, ko ya shanya ta a hantsi. Nan ne ake kashe ta.

Itace, ko ya shekara hamsin da sassaƙawa, bai daina shan ruwa daga iska yana kuma mayarwa ba. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya rasa sai ya tsuke, kuma motsin nan ya fi yawa a faɗinsa, a tsawonsa kuwa kusan babu. To, numfashin ɗan Adam yakan fito da ɗumin da ya kusa digiri 35, cike da danshi. Mai algaita kuma ba ya yanke busa: yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci. Saboda haka, da asubahin hunturu, cikin bututun yakan jiƙe ya kumbura nan take, bayansa kuwa yana nan a bushe a tsuke. Ciki na turowa, waje ya ƙi sakewa, sai itacen ya tsage bisa tsawonsa, galibi ta wajen ramukan yatsu inda ya fi rauni. Wuta tana ƙara busar da wajen ne kawai.

Maganin ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. A ɗumama ta da tafin hannu ko a hamata kafin a sa mata baki, a fara da gajeriyar busa. Idan an gama a zura tsumma mai laushi a tsane cikin, a naɗe ta a zane, a ajiye nesa da taga. Ɗakin ƙasa ya fi mata ɗakin kwano, don zafinsa da sanyinsa ba sa juyawa farat ɗaya. Ɗan karan da ke bakinta a jiƙa shi na 'yan mintuna, ba a bar shi ya kwana a ruwa ba. Fatar tana son man kaɗanya kaɗan. Man girki kuwa, in aka ɗura shi a ciki, yakan yi danƙo ya kama ƙura.

Inda ya kamata a sake tunani shi ne wanda aka bar wa wannan nauyi. Dokin hawa yana da barga da mai kula da shi, amma algaitar da ke tafe tare da kakaki a gaban sarki tana hannun mabushinta, shi kaɗai da jakarsa. Ga shi kuma kowace da hannu aka sassaƙa ta, ba biyu da muryarsu ta zo ɗaya. Wadda ta tsage, ko an liƙe ta, iska kan sulale, sauti ya dushe. Bai fi ƙarfin kowace fada ba ta ware wa Sarkin Busa ɗaki mai rufaffiyar taga, da akwati, da randar ruwa a kusurwa don ta riƙe ɗan danshi har zuwa faɗuwar ruwan fari.