Awon Yatsa Ba Ya Hana Zuwa Asibiti

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo a sake ba ni ɗan filin nan nawa, gama yau ina da magana a kan 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa, ta faɗi yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Wani mutumin Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararta a 1972, amma a 2020, lokacin annobar korona, ta yawaita a gidaje.

Kawuna ya sami guda. In yana zaune ta nuna 96, in ya komo daga masallaci yana haki ta nuna 89. Wata biyu yana tari yana ramewa, in na yi magana sai ya ce, "Ɗana, ai da na huta take komawa." Da ƙyar na kai shi asibiti, aka auna kakinsa, ashe tarin fuka ne. Aka sa shi kan maganin wata shida, kyauta, ga shi yanzu ya murmure.

To, jama'a, ga abin da ya kamata mu sani. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100, hawa da saukar ɗaya ko biyu ba kome ba ne. Sanyin hannu, da motsi, da jan farce duk suna rikita ta. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna takan ƙara wa baƙar fata lamba, watau jininsa ya kasa, ita kuwa ta ce lafiya. Haka wanda ya shaƙi hayaƙin gawayi ko na janareta a rufaffen ɗaki, ba ta tona cutarsa.

In lamba tana faɗuwa da ɗan tafiya, likita zai duba huhu da zuciya duka biyu, domin huhu ke ɗebo iska, zuciya ke tura jinin. In zuciya ta raunana ruwa yakan taru a huhu, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai ya jingina. Saboda haka akan saurari ƙirji, a ɗauki hotonsa, a auna kaki, a sa mutum ya busa wani bututu don a san ƙarfin huhu, a liƙa wayoyi a ƙirji don a ga bugun zuciya.

Wanda ya ga 92 ko ƙasa yana zaune, ko numfashi ya gagare shi, ko ƙirji yana ciwo, kada ya kwana bai ga likita ba. Ina roƙon malamai su faɗa wa almajiransu, akawuna su karanta wa iyayensu. Ice tun yana ɗanye akan tanƙwara shi.

Haza wassalam.

Naku,
Wani Akawu