Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka akwai wani ɗan wasa da aikinsa shi ne ya rungumi ƙwallo ya kutsa cikin ƙartin da ke jiran su kayar da shi. Babu wanda ya kai shi shan bugu a fili, amma masu ƙungiyoyi sun yanke hukunci cewa bai cancanci babban albashi ba.

Hujjarsu tana da ƙarfi. A 2018 ƙungiyar Rams ta ba Todd Gurley kwantiragin kusan dala miliyan 60, gwiwa ta ci amanarsa, ta sallame shi kafin a cika shekara 2. Cowboys ta ba Ezekiel Elliott miliyan 90 a 2019, ta rabu da shi a 2023. Ga shi kuma doka ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, don haka duk dalar da aka ba mai kutsawa an rage ta ne daga rabon mai jefa ƙwallo da masu tsare shi.

Sai dai wannan lissafi ya ɓoye tushen matsalar. Yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta ɗaure duk sabon shigar da aka zaɓa da kwantiragin shekara 4 a kan ƙayyadadden farashi. Mai jefa ƙwallo yana iya jira, domin tauraronsa kan haska har bayan shekara 35. Mai kutsawa kuwa ganiyarsa tana cikin waɗannan shekaru na farko. Ranar da ya sami bakin yin ciniki, jikinsa ya soma gajiya. Idan kuma yana da sauran ƙarfi, ƙungiya tana da ikon riƙe shi na ƙarin shekara guda a kan farashin da doka ta yanke, wanda a 2023 bai wuce miliyan 10.1 ba. Wannan shi ne cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Giants ta bar Saquon Barkley ya tafi a 2024. Ya koma Eagles a kan ƙasa da miliyan 13 a shekara, ya ruga yadi 2,005, ƙungiyar ta ɗauki kofin Super Bowl. A kakar 2024 Derrick Henry, yana da shekara 30, ya ruga wa Ravens yadi 1,921. Gwani na gaskiya ba a tsintarsa a arha kowace shekara.

Gyaran yana hannun ƙungiyar 'yan wasa. Idan aka koma teburin yarjejeniya, ta nemi a gajarta kwantiragin farko na masu kutsawa, ko a ɗaura musu ƙarin lada a kan yawan ɗaukar ƙwallo. Wanda ake cin ƙuruciyarsa, a biya shi tun ƙuruciyar tana nan.