Jini Ba Ya Tsami Banza

A cikin da'awoyin da suka ƙetaro mana daga ƙasar Amurka a 'yan shekarun nan, waɗanda ke yawo a wayoyin hannu daga wannan gida zuwa wancan har su isa kunnen dattijon da bai taɓa riƙe waya ba, babu wadda ta fi damuna kamar wadda ke cewa asalin kowace cuta, tun daga kasala da ciwon gaɓoɓi har ya zuwa ciwon sukari da sankara, shi ne tsamin jini, kuma wai duk wanda ya ƙaurace wa nama da ƙwai da kifi da alkama, ya lazimci ganye da ruwan lemon tsami da wani ruwan gora mai tsada da ake kira alkalin, to, jininsa zai bar tsami, cuta kuwa ba za ta sami masauki a jikinsa ba. Abin da ya sa ta dame ni shi ne an cuɗa 'yar gaskiya da ɓata mai yawa a cikinta, aka kuma yi mata ado da kalmomin ilimi, har ya zamanto mai hankali ma yana iya ruɗuwa, balle majinyacin da ciwo ya gallaba, kuɗin asibiti kuma ya gagare shi.

Bari mu fara da ma'aunin kansa, domin ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙarsa. A shekarar 1909 wani masanin sinadarai mai suna Sorensen, a birnin Kofanhegin na ƙasar Denmak, ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda aka saba ƙirga shi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana tsakiya, a kan 7; abin da ya gaza haka yana ɓangaren tsami, kamar lemon tsami da tsamiya, abin da ya haura kuwa yana ɓangaren kanwa da ruwan toka, kuma tsakanin kowace daraja da mai bi mata ninki goma ne. Jinin mutum mai lafiya yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45, watau ya ɗan karkata zuwa ɓangaren kanwa tun asalin halitta, ko mutum ya kwana da balangu ko ya kwana da kwaɗon zogale, ko makiyayi ne mai rayuwa a kan nono ko mutumin Indiya wanda bai taɓa sa nama a baki ba.

Wannan tabbata kuwa tana daga cikin manyan hikimomin Mahalicci a jikin ɗan Adam, kuma ta cancanci a tsaya a yi tadabburi a kanta. A cikin jinin kansa akwai wani sinadari da ake kira bayikabonet, wanda ke tarbar duk tsamin da ya shigo ya kashe kaifinsa nan take. Huhu kuma, da kowane numfashi, yana fitar da iskar nan da ke narkewa a jini ta zama tsami, ta yadda in tsamin ya so ya yi yawa sai numfashi ya ƙara sauri da zurfi cikin 'yan mintuna ba tare da mutum ya yi nufi ba. Sa'an nan ga ƙoda, wadda aikinta ya fi jinkiri amma ya fi ƙarko, tana tace jini dare da rana, tana zubar da tsamin da ya saura cikin fitsari, tana mayar wa jini da bayikabonet ɗinsa. Kafin ma a kai ga wannan duka, duk abin da aka haɗiya tilas ya fara sauka a tumbi, inda ruwan narkar da abinci ke da tsami mai tsanani, tsakanin 1.5 da 3.5 bisa ma'aunin, domin ya narkar da nama ya kuma hallaka ƙwayoyin cuta. Ruwan gorar da aka saya da tsada don an rubuta 9 a jikinsa, da zarar ya faɗa can, ya tashi daga abin da aka saye shi dominsa.

To, daga ina shubuhar ta samo asali? Daga fitsari. Babban likitan nan na Faransa, Claude Bernard, ya ba da labari a littafinsa na 1865 cewa an kawo masa zomaye daga kasuwa, sai ya lura fitsarinsu garau yake kuma mai tsami irin na masu cin nama, alhali fitsarin mai cin ciyawa gurɓatacce ne mai kanwa-kanwa. Ya yi ƙiyasi cewa yunwa ce ta sa suke cin naman jikinsu. Da ya ba su ciyawa sai fitsarin ya juya, da ya ba su dafaffen naman sa sai ya koma tsami. Wannan gaskiya ce tabbatacciya, kuma haka abin yake ga mutum: nama da ƙwai da hatsi suna ƙara wa fitsari tsami, ganye da 'ya'yan itace suna rage shi, shi ya sa fitsari ke kai da kawowa tsakanin 4.5 da 8. Amma masu da'awar sai suka sayar wa mutane 'yan takardun gwaji suna tsomawa a fitsari kowace safiya, suna ɗaukar launin da ya fito a matsayin shaidar halin jininsu. Wanda ya ga ruwa yana kwarara daga indararo ranar damina bai ga alamar ɗaki ya cika da ruwa ba. Ya ga alamar soron yana aikinsa. Haka tsamin fitsari yake: shaida ce cewa ƙoda ta kwashe abin da ya kamata ta kwashe, ta bar jini a inda yake.

Game da sankara kuwa, sun jingina maganarsu ga Bajamushen nan Otto Warburg, wanda aka ba kyautar Nobel a 1931, suna cewa ya tabbatar tsami ne ke haifar da ita. Abin da ya gani shi ne ƙwayoyin sankara suna cin sukari ta wata hanya da ke barin tsami a kewayen ƙarin. Ƙarin ne ya haifar da tsamin, su kuwa suka kifar da zance, suka mai da musabbabi ya zama sababi, wanda kuskure ne da ɗalibin manɗiƙi na farko ba zai yi ba. A 2016 wasu masu bincike a ƙasar Kanada, Fenton da Huang, sun bi diddigin nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan batu, ba su sami hujjar da ke nuna irin wannan cima ko irin wannan ruwa na kare mutum daga sankara ko warkar da ita ba.

Ba na musun cewa jini yana iya yin tsami. Yana yi, amma Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, jini ma haka. Mai ciwon sukari da ciwonsa ya ƙwace, mai ciwon ƙoda da ta gaza, wanda amai da gudawa suka zuƙe, yaron da zazzabin cizon sauro ya yi wa mugun kamu har ka ga yana jan numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu: waɗannan su ne jininsu ke tsami da gaske, kuma kowannensu yana bakin halaka, abin da yake bukata shi ne a garzaya da shi asibiti a sa masa ruwa, a ba shi insulin ko maganin zazzabi ko a wanke masa ƙoda. Duk sa'ar da aka ɓata ana matsa masa lemo a kofi, daga ransa aka zare ta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan da'awa ta tsamin jini shi ne wani Ba'amurke mai suna Robert Young, marubucin littafin The pH Miracle da ya fito a 2002. Yana kiran kansa dakta, amma takardunsa daga makarantar da hukuma ba ta amince da ita ba suka fito. Ya buɗe gandu kusa da San Diyego a jihar Kalifoniya, inda a lokacin masu sankara ke zuwa daga nesa, suna biyan dubban daloli, ana ɗura musu ruwan bekin soda ta jijiya. Cikinsu har da wata matashiya, hafsa a rundunar sojan Birtaniya, mai sankarar mama, wadda aka mayar gida ta rasu a 2012 tana da shekara 27. A 2016 kotu ta same shi da laifin yin aikin likita ba da lasisi ba, daga baya aka ɗaure shi, a 2018 kuma wata kotun ta yanke ya biya diyyar dala miliyan 105 ga wata matar da ta bar maganin asibiti bisa shawararsa har sankararta ta bazu. Abin takaici shi ne hukuncin kotu ya tsaya a Kalifoniya, maganganun mutumin kuwa sun ci gaba da tafiya, ana fassara su harshe zuwa harshe, har suka iso mana da Hausa, masu tura su ba su ma san daga bakin wa suka fito ba.

Mu kuwa, in da za mu tuna, muna da namu darasin a gida, domin ba mu jira Amurka ta sanar da mu abin da ke kashe tsami ba. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, tana cikin tukunyarmu tun kaka da kakanni: da ita ake nunar da wake, da ita ake kwaɓa ɗanwake, ita ke sa miyar kuɓewa yauƙi, ita ake jiƙa wa mai ƙwannafi. 'Yar kaɗan a miya ba abin zargi ba ce. Amma a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya sarƙe, yawan da ya zarce na galibin ƙasashen duniya, suka kuma danganta shi da kunun kanwa mai yawa da ake ɗora wa mai jego haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da ya biyo baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan ban da waɗannan, amma babu saɓani cewa kanwa cike take da sinadarin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki, ya ɗaga jini, ya ɗora wa zuciya kaya. Bekin soda da ake cewa a sha kowace safiya ɗan'uwan kanwa ne na jini, kuma mai hawan jini da ya mai da shi al'ada yana ƙara wa kansa cutar da yake gudu.

Na san dalilin da ya sa maganar daidaita jiki ke shiga zukatanmu da sauƙi: mun gaji ɗibbin magabata, mai magana a kan zafi da sanyi, da danshi da bushewa, da i'itidalin ɗabi'a. Sai dai Ibnu Sina da kansa, a cikin Alƙanun, ya gindaya sharuɗɗan jarraba magani kafin a yarda da shi, ciki har da a gwada shi a jikin mutum, a kuma ga amfaninsa yana maimaituwa a kullum ko a mafi yawan lokuta. Wanda ke girmama waɗannan malamai, ya kamata ya nemi bayyina kamar yadda suka nema.

Adalci ya wajabta in faɗi alherin da ke cikin lamarin. Wanda ya yawaita zogale da rama da alayyahu da kabewa da gwanda, ya rage lemon kwalba da soye-soye da gishiri, lalle zai ga canji a jikinsa, amma saboda ya rage ƙiba da sukari, ya sami harza da sinadaran da ganye ke ɗauke da su, ko da jininsa bai gusa daga inda yake ba. Yakuwa da tsamiya da zoɓo, duk da tsaminsu, suna cikin wannan alheri. Haka kuma akwai inda likitoci da kansu ke ba da maganin rage tsami, kamar ga masu wani nau'in tsakuwar ƙoda da masu ciwon ƙoda mai daɗewa, amma bisa awo, bayan gwajin jini, domin ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam ɗin da ke cikin ayaba da lemo da ganye, kuma taruwarsa na iya tsayar da zuciya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jerin haramce-haramcen. A ƙasar da tamowa ke cin yara, inda uwa ke fafutukar samun ƙwai ɗaya ko ludayin nono ko 'yar busasshiyar tarwaɗa ta sa wa ɗanta a abinci, wanda ya zo ya ce mata waɗannan guba ne masu tsamar da jini ya ɗauki alhaki mai nauyi, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Saboda haka ina roƙon gidajen rediyo da ke sayar da fili ga masu tallar irin waɗannan ruwaye da garuka su riƙa tambayar hujja kafin su karɓi kuɗi, domin sayar da abu da siffar da ba tasa ba algus ne, shari'a kuwa ta hana. Ina tunatar da masu saye cewa lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, shi ya sa sau da yawa za ka ga an buga a gefe cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba. Ina kuma roƙon malamanmu, waɗanda jama'a ke kai musu kukan ciwo kafin su kai wa likita, in mace ta zo ta ce ta ji ƙullutu a mamanta, su yi mata addu'a, sa'an nan su umarci mijinta ya kai ta asibiti a cikin makon nan, tun ƙarin yana ƙarami ana iya cire shi.