Kafin ka sayi RAM mai gudu, tambayi kwamfutarka tukuna

A zangon karatun da ya wuce kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta kusa sa ni hawan jini. Ta hannu ce na saya, kamar yawancinmu malamai. Ina cikin shigar da makin ɗalibai, in buɗe Excel, in buɗe intanet, in buɗe jadawalin darasi, sai ta sandare kamar an ɗaure ta. Wani abokin aiki ya ce RAM ɗinta ne ya yi kaɗan, gigabait 4 ne kawai. Ranar Asabar na hau trotro daga Nima zuwa Circle, inda duk mai neman kayan kwamfuta a Akra yake zuwa.

Mai shagon ya fito da guda biyu, kowanne gigabait 8. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Malam, wannan 2400 ne, wannan kuma 3200. Ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki mai gudun, kwamfutarka za ta tashi sama." Na ƙara, na ɗauka. Kwamfuta kuwa ta yi sauƙi, ba ƙarya. Amma da na buɗe Task Manager a gida, sai na ga an rubuta 2400. Na ɗauka an cuce ni da jabu. Sai da na zauna na bi abin a hankali na gane kayan na gaskiya ne, ni ne na biya kuɗin gudun da injina ba zai taɓa amfani da shi ba.

Ga yadda abin yake. RAM kamar teburin malami ne, hadis kuma kamar kabad. Duk littafin da kake dubawa a kan tebur yake. Idan teburin ƙarami ne, dole ka yi ta kai-komo zuwa kabad, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya. Abin da ya warkar da kwamfutata faɗin teburin ne. Gudun kuwa, furosesa ce ke yanke shi, domin na'urar da ke sarrafa RAM a cikinta take. Tawa Core i5-8250U ce, iyakarta a DDR4 shi ne 2400. Kowane RAM yana da ɗan guntu a jikinsa da ke faɗa wa kwamfuta irin gudun da zai iya, ita kuma ta zaɓi wanda ya dace da ita. Haka nan idan ka haɗa mai gudu da maras gudu, dukkansu a kan gudun na baya za su tafi. Ko wace irin mota ka shiga, cunkoson Circle ba ya duba lambar injinta.

Saboda haka ga mai tambaya ko RAM mai gudu zai shiga kwamfutarsa: galibi zai shiga, zai yi aiki, matuƙar jinsinsu ɗaya, sai dai zai sauko zuwa gudun da injin ya yarda da shi. Idan farashinsu ɗaya, ko mai gudun ya fi araha, wanda yakan faru saboda shi ya fi yawa a kasuwa, ɗauka ba laifi. Amma ƙara ko sidi ɗaya saboda babbar lamba, wannan asara ce.

Inda haɗarin gaske yake shi ne jinsi. DDR3 na tafi-da-gidanka haƙora 204 gare shi, DDR4 260, DDR5 262, kuma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. Ba sa shiga ramin juna, wanda ya danna da ƙarfi zai fasa ramin. Wanda ya fi yaudara shi ne DDR3 da DDR3L, don su kam rami ɗaya suke shiga. Na farko wutar bolt 1.5 yake sha, na biyu 1.35. Kwamfutoci da yawa masu furosesar Intel zubi na huɗu DDR3L kaɗai suke karɓa. Wata malama a makarantarmu ta sayo na 1.5, aka sa, fuskar kwamfuta ta ƙi kawo komai, mai shago kuma ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Harafin L guda ɗaya ya cinye mata kuɗin cefanen mako. A jikin takardar RAM ɗin za ka ga PC3 ko PC3L ko PC4, wannan rubutun shi ne abin dubawa.

Akwai kuma kwamfutocin da RAM ɗinsu a liƙe yake da allon ciki, musamman sirara na zamani, babu ramin ƙari ko ɗaya. Kowace kwamfuta kuma tana da iyakar gigabait da za ta ɗauka. Wanda Windows ɗinsa mai bit 32 ne, ko ya sa 16, kusan 4 kawai zai mora.

Wani zai ce ai gudun ma yana da amfani. Gaskiya ne, ga mai wasannin kwamfuta ko mai tace bidiyo, idan injinsa ya yarda. Amma mu da aikinmu rubuta darasi ne, da lissafin maki, da taron Zoom, bambancin 2400 da 3200 ba za mu gan shi da ido ba. Bambancin gigabait 4 da 8 kuwa a ranar za ka ji shi. Kuma idan har yanzu tsohon hadis mai juyawa ne a ciki, sauya shi da SSD sau da yawa ya fi komai tasiri. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane da yawa a zango suna ta gyaran tsofaffin injuna, masu shago kuma sun san da haka.

Shawarata ga 'yan uwa: kafin ka fita gida, buɗe Task Manager ka duba gudun, da yawan ramuka, da nawa ne a cike. Manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta faɗa maka jinsin. Rubuta lambar samfurin kwamfutarka a takarda. Sannan ka tafi da ita shagon, a sa a gabanka, ta kunnu, ka ga adadin ya hau, kafin ka zaro kuɗi. Ka kuma karɓi rasit da alkawarin canji.

Su ma 'yan uwanmu masu shago, da yawansu yaran unguwa ne da muka koyar, ina roƙonsu su ji tsoron Allah. Idan malami ya zo da albashinsa da bai kai ƙarshen wata ba, ku faɗa masa iyakar injinsa. Wanda kuka faɗa wa gaskiya yau, shi zai kawo muku dukan ma'aikatan makarantarsu gobe.